Gwaggona, malamin talabijin, da dariyar Erasmus

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum, jama'ar Zango. Ina koyar da tarihi a wata sakandare nan Kumasi, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Gwaggona da ke sayar da koko da ƙosai a bakin tasha ta kwashe adashinta, sidi 2,000, ta tura wa wani mai rawani da take gani a talabijin, wai zai ninka mata. Yau mako biyar wayarsa a kashe.

A makon da abin ya faru ina karanta Erasmus, malamin nan ɗan Rotadam ta ƙasar Holan. A 1509 ya sauka gidan abokinsa Thomas More a Landan, ya rubuta "Yabon Wauta", aka buga a 1511. Ya mai da Wauta mace, ta hau mumbari tana lissafa almajiranta. Cikinsu har da masu sayen takardar sassaucin azabar lahira, suna ƙirga shekaru da kwanakin da aka rage musu, da ɗan kasuwan da zai jefa kwabo ɗaya daga dukiyar zalunci ya ɗauka ya wanke kansa. A wani rubutunsa na 1523, jirgin ruwa na nutsewa, wani ya yi wa Waliyyi Kiristofa alkawarin kyandir mai tsawon gunkinsa da ke Faris, sannan ya raɗa wa na kusa da shi cewa in ya taka ƙasa ko ɗan guntu ba zai bayar ba. A jirgin akwai wata mata rungume da jaririnta tana addu'a a zuci, ba ihu ba ciniki, ita ce ta fara isa gaɓa.

Na so in rubuta wa ɗalibaina ɗan wasan kwaikwayo irin wannan a kan masu ninka kuɗi. Amma ina tsoro. Shin dariya tana gyara irin wannan ɓarna, ko dai tana zubar da mutuncin malamai baki ɗaya?

Baba Liman na Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar wa gwaggonka da alheri. Tona asirin macuci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta sukar miyagun malamai masu cin duniya da addini, amma da hujja ya yi, da sunan abin da suke aikatawa. Abin da nake ji wa tsoro shi ne yaro ɗan shekara 15. In ka sa shi dariya ga rawani da carbi, gobe ba zai bambance mayaudarin talabijin da malamin allon da ke karantar da shi kyauta ba. In za ka yi wasan, ka sa malamin kirki a ciki, a ga fuskarsa.

Yaya Kirista ta Tafo:
Ƙanena, ni 'yar Katolika ce, a Zango aka haife ni, kuma Erasmus namu ne, shi ma fada ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne bai taɓa barin coci ba. Martin Luther, malamin coci ɗan Jamus wanda ya ɓalle daga Katolika daga baya, ya fito da batutuwansa 95 a 1517 kan cinikin waɗannan takardu, mutane da yawa suka zaci Erasmus zai bi shi, sai ga shi a 1524 ya rubuta raddi gare shi. Mutumin da ya yi dariyar nan shi ne ya zauna ya fitar da Sabon Alkawari da harshen Girka a 1516, don mutane su koma ga asalin nassi. Wanda bai yi wannan wahala ba, dariyarsa ba za ta yi nauyi ba.

Kuma cutar ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Ka hau trotro, wato ƙaramar motar haya, daga tashar Kejetiya ka ga masu tallan man shafawa da ruwan albarka. Erasmus ya je Walsingham, wani wurin ziyarar ibada a Ingila, aka nuna masa abin da aka ce nonon Maryamu ne, a Kantabari kuma tsummokaran da aka ce Waliyyi Thomas Becket, tsohon babban bishop na garin, ya goge gumi da su. Talakan da ya sumbace su bai yi laifi ba, neman Allah ya fito. Mai riƙe da akwatin kuɗin ne abin tuhuma. Don Allah kada gwaggonka ta zama abin dariya a wasan nan.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba, na gode Yaya. Maganar gwaggo ta shige ni, don a rubutuna na farko ita ce ake wa dariya, ban ma lura ba. Zan juya shi. Na kuma san abin yana da tsada: Erasmus ya rasu a Basel a 1536, a 1559 cocin Katolika a Roma ta haramta littattafansa dukka, 'yan Luther kuma suna ganinsa matsoraci. Duk da haka zan rubuta. Malamin kirkin zai zama irin wanda ya koya mini alif da ba a zauren unguwarmu, wanda in mace ta zo masa da kuɗin laya yakan ce ta je ta sayo wa yara magani tukuna. Baba, in na gama zan kawo maka bayan la'asar ranar Juma'a ka duba kafin yara su gani.

Baba Liman na Asawase:
Ka zo da shi, ɗana. Ka taho da gwaggon taka ma in za ta yarda, akwai wasu mata uku a unguwarmu da mutumin nan ya cuta, muna son a haɗa ƙara wuri ɗaya.