Wace kalma ce ta dace da "secretive" a Hausa?

Jama'a, ina so mu tsayar da magana kan kalmar Turancin nan "secretive". Sau da yawa masu fassara kan rubuta "mai riƙe sirri", kuma abin yana damuna, domin sun mayar da zargi ya koma yabo.

Bature in ya kira mutum da wannan kalma, ƙorafi yake yi: wane yana ɓoye abin da bai kai a ɓoye ba, ko abin da wasu ke da haƙƙin sani. Mu kuwa mai riƙe sirri shi ne wanda ake ba amana a kwana da daɗi, wanda magabata ke nufi da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. "Mai asiri" ma kada a kawo shi, hankalin mai karatu wurin boka zai tafi.

In mutum ɗaya ake nufi, ni dai na tsaya kan "mai zurfin ciki". Ku saurari uwa tana cewa 'yarta, "Ke kin cika zurfin ciki, ciwo na cin ki kin ƙi faɗa." Akwai faɗa a ciki, akwai tausayi. Haka maigidan da iyalinsa ba su san bashin da ke kansa ba sai ranar rabon gado.

Wani ɗan'uwa ya ce, "Malam, miskili fa?" Ban yarda ba. Miskili magana ce ba ya so, ko da babu abin da yake ɓoyewa. Mai zurfin ciki yana iya cika zaure da hira da raha, a watse ba wanda ya san inda ya dosa.

Inda zurfin ciki ya gaza shi ne kan hukuma. Jaridun Turai kan liƙa wa Koriya ta Arewa wannan kalma: shugaban ƙasar Kim Jong Il ya mutu ranar 17 ga Disamba 2011, ba a sanar ba sai ranar 19. Mu ma mun ga irinta lokacin da aka kai marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda a Nuwamba 2009, ƙasa ta yi watanni ba ta san halin da yake ciki ba, aka dawo da shi Abuja cikin dare a Fabrairu 2010. Ba wanda zai ce gwamnati ta yi zurfin ciki a nan. Ƙumbiya-ƙumbiya aka yi, kuma ita nake ba masu fassara labarai shawarar ɗauka. "Rufa-rufa" a bar ta sai an tafka laifi ana neman binnewa.

Saura "nuƙu-nuƙu". A kunnena tana ɗauke da ɓoyo haɗe da jan ƙafa. Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya kuke amfani da ita a wajenku?