Solo ɗina na jita ba ya bin kod, ina matsalar take?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman a ɗora ni a hanya. Na haddace sikel ɗin fentatonik (jerin sautuka biyar) na A maino a firet na 5 (firet su ne gaɓoɓin da ke wuyan jita), ina hawa ina sauka ba tuntuɓe. Amma idan aka sa min kiɗan baya mai kod huɗu (kod shi ne sautukan da ake kaɗawa tare), Am, F, C, G, sai in ji solo ɗin, wato kiɗan da nake yi ni kaɗai a kai, yana tafiyarsa daban, kiɗan yana tasa daban. Ba wai ina taɓa sautin da bai dace ba, a'a, kawai dai babu armashi. An ce in koyi sautukan cikin kod. Daga ina ake farawa, kuma sai na jefar da fentatonik ɗin ne?

Mai Tsirkiya Shida

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka jefar da komai. Fentatonik ɗinka na nan daram, abin da ya rage shi ne ka san inda za ka sauka duk lokacin da kod ya canja.

Kowane kod a cikin huɗun nan sautuka uku ne: tushe, na uku, da na biyar. Am shi ne A, C, E. F shi ne F, A, C. C shi ne C, E, G. G kuma G, B, D. Yanzu dubi fentatonik ɗinka: A, C, D, E, G. Ka ga babu F, babu B. Wato tushen kod ɗin F ba ya cikin abin da kake kaɗawa, na ukun G ma ba ya ciki. Na uku kuwa shi ne ke faɗa wa kunne ko kod mejo ne ko maino, don haka idan ka rasa shi, mai saurare ba zai ji canjin a hannunka ba.

Ba sai ka motsa daga firet na 5 ba. Ina ƙirga tsirkiya daga siririyar ƙasa, ita ce ta 1. F yana tsirkiya ta 2, firet na 6, dab da E ɗin da ka saba taɓawa a firet na 5. B yana tsirkiya ta 1, firet na 7, ƙasa da C na firet na 8 da firet ɗaya, wato rabin taki. Sautuka biyu ke nan kacal za ka ƙara.

Gwada wannan, sauti ɗaya tak ga kowane kod, ka riƙe shi har bugu huɗu su cika. A kan Am ka danna E, tsirkiya ta 2 firet na 5. Da F ya shigo, matsa yatsa firet ɗaya zuwa 6. Da C ya shigo, koma 5, domin E shi ne na ukun C. Zagaye na gaba kuma ka yi a tsirkiya ta 1: C a firet na 8 yana cikin Am, yana cikin F, yana cikin C, sai ka zauna a kansa kod uku a jere, da G ya zo ka sauka firet na 7. Wannan saukar ta rabin taki ita ce za ta sa ka ji kamar jitar ta buɗe baki. Idan kiɗan ya dawo Am, B ɗin da kansa zai ja ka ya mayar da kai C.

Inda ake ɓata abin: daɗewa a kan F alhali kod ya koma C. F yana zaune rabin taki saman E, sai su riƙa gogayya, kunne ya ji tsami. Haka C a kan kod ɗin G, yana karo da B. Wucewa ta kansu ba laifi, zama a kansu ne matsalar.

Ɗan Bulus

Malam ya gama magana a kan kod huɗun nan. Zan ƙara na bulus, wato salon kiɗan blues, don a nan ne abin ya fi fitowa fili, kuma duk mai fentatonik wata rana zai faɗa cikinsa.

A bulus na A, kod ukun su ne A7, D7, E7, kowanne da sauti na huɗu a ciki, wato na bakwai. A7 yana da A, C#, E, G (alamar # na nufin rabin taki sama). D7 yana da D, F#, A, C. E7 yana da E, G#, B, D. Bar tushe da na biyar wa mai jitar bes, kai ka kama na uku da na bakwai, su biyun nan su ne fuskar kod.

Sa yatsa ɗaya a tsirkiya ta 4 firet na 5, ɗaya a tsirkiya ta 3 firet na 6. G da C# ke nan, A7 ya tsaya. Ja yatsun biyu baya firet ɗaya, 4 da 5: F# da C, ka shiga D7. Daga wurin farko tura su gaba firet ɗaya, 6 da 7: G# da D, E7 ke nan. Wurare uku a jere sun ɗauke maka duk bulus ɗin. Kaɗa su kai kaɗai ba kiɗan baya, za ka ji kod ɗin suna canjawa.

Hattara da C#. A kan A7 zuma ne, musamman idan ka taho daga C a firet na 5 ka buga yatsa a 6, ko ka ɗan ja tsirkiyar sama kaɗan. Amma da D7 ya shigo dole ka sake shi ka koma C, in ba haka ba zai yi karo da na bakwan D7. Mutane da yawa suna koyon wannan ƙawar sai su riƙa zuba ta ko'ina, sai a ji solon ya yi ɗaci a daidai wurin da kod ya juya.

Sabon Hannu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gwada na E zuwa F, lallai na ji bambanci. Sai dai da na ƙara gudu sai in rikice, kod ya wuce kafin in tuna sautin da zan nema.

Kunne Kafin Yatsa

Alama ce ta kana jiran kod ya iso kafin ka fara tunani. Tunanin a bugu na 3 ake yinsa, saukar a bugu na 1 na kod mai zuwa.

Mayar da metironom, na'urar ƙirga bugu, 60 a minti. Ɗauki kiɗan bayan a wayarka, minti biyu ya isa. Zagaye huɗu na farko, sauti ɗaya ga kowane kod, kana faɗin sunansa da baki kafin ka danna. Idan ya zauna, ƙara sauti ɗaya a bugu na 4 wanda zai kai ka masauki: firet ɗaya ƙasa da inda za ka, ko sautin sikel da ke samansa. Misali za ka sauka a B don kod ɗin G, to taɓa C a bugu na 4, B a bugu na 1. Bayan nan sai ka cike bugu na 2 da na 3 da duk abin da ka ga dama daga fentatonik. Kada ka ƙara gudu sai ka yi zagaye takwas ba kuskure, sannan ka hau 5 kawai, 65, 70, a haka.

Abu ɗaya da ban cika yarda da shi ba shi ne a ce kowane bugu na 1 sai an sauka a na ukun kod. Wannan na atisaye ne. Idan ka yi haka a gaban mutane, solon zai zama kamar karatun jadawali. Wani lokaci ka makara da gangan, ka sauka a bugu na 2. Wani lokaci ka yi shiru kod guda ya wuce. Kuma ka riƙa rera jimlar da bakinka kafin ka neme ta a tsirkiya, domin numfashi zai tilasta maka tsayawa inda yatsa ba zai tsaya ba.

Idan firet na 5 ya kwanta maka, nemo F da B ɗin a kusa da firet na 12: F a tsirkiya ta 1 firet na 13, B a tsirkiya ta 2 firet na 12. Maimaita atisayen can daga 60.