Fada ne ko ba Fada ba? Gardama kan jana'izar tsohon fadanmu

Sakataren coci: Salama gare ku. Kun ji sanarwa jiya bayan Hanyar Gicciye: tsohon fadanmu, wato firist ɗin wannan coci namu na Katolika, wanda ya ajiye aiki ya yi aure, Allah ya yi masa rasuwa. Iyalinsa sun roƙi a yi masa Misa a nan. A yi, ban ƙi ba. Amma a takardar shiri kada a rubuta "Fada". Wanda ya tuɓe riga da hannunsa ya zama ɗaya da mu.

Shugabar Zumuntar Mata: Haba Sakatare! Shi ya yi wa 'ya'yana baftisma. Da damina babur ɗinsa yake turawa cikin laka ya kai wa marasa lafiya jikin Yesu a ƙauyuka, rigar nan fara ta dawo ja. Yau ka ce in kira shi Malam wane? Bakina ba zai iya ba.

Tsohon ɗan seminari: Mama tana da gaskiya a wani wuri, Sakatare ma haka. Dokar ikilisiya ta 1983, lamba 290, ta ce naɗin firist in dai an yi shi daidai ba ya warwarewa. Abin da mutum ke rasawa matsayi ne da izinin aiki. Shi ya sa lamba 976 ta ba kowane firist, har wanda ya bar aiki, ikon sauraron furta zunubi daga mai bakin mutuwa. Da mota ta kife a gabansa, da ya durƙusa ya yi abin da aka naɗa shi domin sa, kuma gafarar ta tabbata.

Sakataren coci: To ka ga ka taimaki Mama, ba ni ba.

Tsohon ɗan seminari: Ban gama ba, yallaɓai. Naɗin yana nan, amma ba ya hawa bagade, ba ya sa kayan Misa, kuma a hukumance ba a kiransa da laƙabin. Takardar shiri ta ikilisiya ce, ba ta zuci ba.

Baba dattijo: Ku yara ba ku ga abin da muka gani ba. Ranar da ya tafi, kunyar fita kasuwa muka yi ta ji. Wasu sun daina zuwa coci, har yau ba su dawo ba. Ni Misar ma ban ga dalilinta ba. Azumi muke, lokacin tuba ne, ba na karrama wanda ya karya alkawari ba.

Katikis: Baba, ka yi haƙuri in ɗan gyara. Bai gudu da dare ba. Ya rubuta, ya jira, izinin yin aure ya fito daga Paparoma, domin shi kaɗai ke bayar da shi. A coci aka ɗaura, kuma yana karɓar jikin Yesu har ciwo ya kwantar da shi. Waɗanda doka ta hana wa jana'iza suna lamba 1184: wanda ya yi ridda a fili, wanda ya ɓalle, mai zunubin da kowa ya sani da bai nuna alamar tuba ba. A cikinsu wanne ne shi? Kuma Misar matattu roƙon jinƙai ce, ba lambar yabo ba.

Baba dattijo: Na ji. Zuciya ce ba ta karanta lamba.

Malamar kwaya: Ni tambayata ta aiki ce. Matasa suna so a yi ranar Lahadi don mutanen Kaduna da Zariya su samu zuwa.

Katikis: Ba a yin Misar jana'iza a Lahadin azumi. Haka daga Alhamis Mai Tsarki har Ista. Sauran ranaku babu laifi. Ki kuma cire duk waƙar da ke da Alleluya, bagade kuma babu furanni.

Shugaban matasa: In Juma'a aka sa, ranar da ba a cin nama a azumi, saniyar da dangi suka saya fa? Mu tara baƙi mu ba su wake da kifi?

Malamar kwaya: Kai dai cikinka ka sani.

Shugabar Zumuntar Mata: Akwatin fa? Fada idan ya rasu ana sa masa kayan Misa, a ɗora ƙoƙon Misa a kan akwati, kansa wajen bagade kamar yana fuskantar jama'a.

Tsohon ɗan seminari: Wannan kam ba na tsammanin za a yarda, Mama. Matarsa da 'ya'yansa za su zauna a bencin gaba. A ɗora ƙoƙon Misa a gabansu, me muke gaya musu?

Sakataren coci: Ashe mun dawo kan maganata.

Katikis: Ba mu dawo ba, kai laƙabi ka kawo, Baba ya kawo Misar kanta. Gobe da safe zan kai wa Fadanmu na yanzu duka biyun, in ya ga da wuya ya tambayi Bishop.

Shugabar Zumuntar Mata: Ku rubuta abin da za ku rubuta. Mata, ranar kowa ta zo da anko, a kuma taho da tulu da caki. Wadda ba ta biya kuɗin ta'aziyya ba ta same ni kafin Laraba.