Tambaya: ya ake gyara tsohon jirgin yaƙi har a kai shi gidan tarihi?

Ɗan_Kawo ya rubuta:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku taimaka min da wani abu da ya daɗe yana damuna. Tsofaffin jiragen yaƙin nan da ake gani an kafe a bakin bariki ko a shataletale, rana ta dake su ruwa ya dake su, gilashin ɗakin matuƙi duk ya dushe, tayoyi sun sace, shin akwai yadda za a yi a ceto su kuwa ko sun riga sun gama yawo? Kuma wai gyaran nan da ake yi a gidajen tarihi na waje har jirgin yake tashi, ko fenti ne kawai ake shafa masa? Ni gaskiya ina jin takaici in ga abin da ya shiga tarihin ƙasa yana jiran 'yan jari bola.

Tsohon_Makaniki ya amsa:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aikin gyaran jirage har na yi ritaya, to bari in gaya maka abin da na sani. Fenti shi ne na ƙarshe, wanda ya fara da fenti ya ɓata aiki. Abu na farko inuwa, a samu rumfa ko hanga a shigar da shi, don jikin jirgi alminiyom ne kuma shi ma yana cin kansa, ba ja yake yi irin tsatsar ƙarfe ba, wani farin gari za ka gani yana fitowa a gefen ribiti, in ka danna da yatsa ka ji fentin ya kumbura to ƙasansa ya ruɓe. Ya fi tsanani a inda kusar ƙarfe ta haɗu da alminiyom in danshi ya shiga tsakani. Kashin tsuntsu ma yana cin bodi, tattabaru in suka samu bakin inji a buɗe sai su mai da shi gida, shi ya sa ake toshe duk wata kafa da raga, amma a bar ƙananan hudojin da ke ƙasan ciki a buɗe ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Kafin kowa ya taɓa komai sai an tabbatar babu mai ko ɗigo a tanki, an cire batir, an zuƙe man haidrolik. Irin su MiG, jiragen yaƙi ƙirar Rasha, kujerarsu tana da abin fashewa da ke cilla matuƙi waje, sai ƙwararru sun duba sun kwance shi. Agogunan gaban matuƙi na tsofaffin jirage kuma da yawa an shafa musu radiyam, wani sinadari mai illa ga jiki, don su yi haske da dare, kar yaro ya fasa gilashin ya shaƙi ƙurar. Sannan a ɗora jirgin a kan ƙafafun ƙarfe tayoyi su huta da nauyi. Maganar tashi kuwa, yawancin na gidan tarihi ba sa tashi, ajiye su ake yi a gani, masu tashi daban ne kuma kuɗinsu ba kaɗan ba.

Fanalbita_Kofar_Ruwa ya amsa:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni fa a ganina ba wani abin wahala ba ne, a ba mu jirgin nan mu kankare shi da injin yashi, inda ya huje mu cike da fila mu goge da sanfefa mu fesa fenti, wallahi sai ya fi sabo kyalli. Muna da hannu a ƙasar nan, aiki ne ba a ba mu.

Tsohon_Makaniki ya amsa:
Hannu kam kuna da shi, ba na musu. Amma fatar jirgi siririya ce, ba bodin mota ba ce, yashi yana lanƙwasa ta ya cinye rufin da ke kare ta. Da sinadari ake cire fenti a hankali, kuma kafin a cire sai an ɗauki hoton kowane rubutu da lamba, don wani lokaci a ƙarƙashin fentin sama ake samun ainihin launin da ya yi yaƙi da shi. Fila kuma tana ɓoye ruɓa ne, cikin yana ci gaba da lalacewa ba ka sani ba.

Ummu_Hanifa ta amsa:
Maganar Baba gaskiya ce. Ku duba abin da ya faru da jirgin Kittyhawk na sojan saman Ingila da aka tsinta a hamadar Masar a 2012, tun 1942 yake kwance a wurin kuma bushewar hamada ta adana shi kusan yadda ya faɗi. Da aka tashi ajiye shi a gidan tarihin El Alamein sai aka yi masa sabon fenti har da zanen haƙoran kifi a hanci, masana suka yi ta ƙorafi, don abin da ya sa yake da daraja shi aka rufe. Ku kwatanta da Memphis Belle, wani jirgin jefa bama-bamai na yaƙin duniya na biyu a Amurka, an kai shi gidan tarihin sojan sama na Dayton a 2005, ana ta gyaransa a hankali, ba a fito da shi ga jama'a ba sai 2018. Shi kuma Dornier 17 na Jamus da aka ciro daga teku a gaɓar Ingila a 2013, ruwa mai sinadarin tsamin lemo aka yi ta fesa masa don gishiri ya fita, ba su ma yi niyyar mai da shi sabo ba.

Mu ma ai muna da namu. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana da jiragen MiG-17 da Ilyushin 28 na ɓangaren tarayya a yaƙin basasar Najeriya, da ƙaramin jirgin nan ƙirar Suwidin da ake ce wa Biafran Baby, irin waɗanda Von Rosen, matuƙin jirgi ɗan Suwidin da ya yi wa Biyafara yaƙi, ya kai hari da su a 1969. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, MiG ɗin farko da Najeriya ta samu a Kano aka sauke su a 1967. Kafin nan ma lokacin yaƙin duniya na biyu dubban jirage ne aka haɗa a Takoradi ta Gana suka bi ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Ina jin zafin cewa yaro zai tashi a Kano bai taɓa jin wannan ba.

Ɗan_Kawo ya amsa:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. To ke nan bushewar Arewa ta fi dacewa da ajiye su a kan Kudu? Na ga Amurkawa ma a hamadar Arizona suke jibge nasu.

Tsohon_Makaniki ya amsa:
Ta fi, amma kar ka saki jiki. Ranarmu tana ƙona gilashi da roba da wayoyi, ƙurar hunturu kuma tana shiga kowane lungu, damina na zuwa ta jiƙe ta zama taɓo ta riƙe danshi a jikin ƙarfen. A Arizona ɗin ma sai sun fesa wani farin rufi a kan gilasai da kafofi kafin su bar jirgi a fili. In kuna da ƙungiya, ku fara da rubuta wa hukumar da ke da jirgin ku nemi izini, don kayan soja ne ba a taɓawa haka kawai. Ku ɗauki hotuna ta kowane gefe, ku rubuta lambar da ke jikin wutsiya da ta ƙaramin farantin da kamfani ya manna, ku nemo tsofaffin da suka tuƙa shi ko suka gyara shi ku naɗi muryarsu tun suna raye. Rumfar kwano da raga ba su fi ƙarfin gudummawar ƙungiya ba. Fanalbita kai ma in an samu izinin ka zo, akwai aikin ribiti da zan koya maka.