Fitilun mota na gyare: abin da direbobin Damagaram suka tattauna

Direbobi da makanikai sun yi doguwar hira a wata fada a Zinder kan sabbin ƙwayayen fitila irin LED da zenon da matasa ke sa wa motoci da kabu-kabu. Ga abin da aka fi tsayawa a kai.

Makanikan sun ce matsalar tana gidan fitila. Madubin cikinsa an ƙera shi ne daidai da ƙwan halojen, irin H4 mai wat 60/55. In ka cusa masa LED, hasken ya watse, ya haye idon mai tahowa. A hanyar Maradi ko ta Tanout da dare, inda amalanken shanu ke tafiya ba ko fitila, wanda ka makantar na iya afka musu. Jandarma kuwa in sun zo rubuta rahoton hatsari za su duba motarka, kamfanin asirans (inshora) ma ya samu abin jayayya. Nan ne hirar ta fi zafi, ni ma a ganina nan kuɗi ke salwanta.

Launi: gaba fari ko rawaya, baya ja. Shuɗi mai walƙiya na ƴan sanda ne da motar asibiti da ƴan kwana-kwana, kada ka taɓa.

Sandar fitilar kan rufi a bar ta sai daji, a kashe ta da an hau kwalta.

Wani dattijo ya ƙara da cewa: "Malam, kafin ka sayi ƙwai, goge gilashin da ƙurar hunturu ta dusashe, a daidaita maka saiti a jikin bango." Mai haɗa waya kuma ya sa fis, wato abin da ke yanke lantarki in ya yi yawa, don wayar da aka murɗe da hannu ita ke cinna wa mota wuta.