PPPoE ta hau amma IPv6 ta ƙi zuwa, mi ke faruwa?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum ƴan uwa. Muna raba intanet ga shaguna nan Mabera cikin Sakkwato da rautar kamfanin MikroTik, kowa na shiga ta PPPoE (hanyar haɗa kwastoma da rauta) da sunansa da kalmar sirri, IPv4 (tsohon tsarin adireshin intanet) lafiya lau, amma IPv6 (sabon tsarin) na kunna ta abin da kwamfuta ke samu sai adireshi mai farawa da fe80 kuma ba ta fita waje. Wa ya taɓa cin karo da wanga abu?

Injiniya Arkilla: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai fe80 ɗin nan na cikin gida ne, baya ƙetare layin. A PPP, watau tsarin da PPPoE ke ɗauke da shi, sashen da ake kira IPCP ke ba ka adireshin IPv4 kai tsaye, shi ko takwaransa na IPv6, IPV6CP, rabin ƙarshe na adireshin kawai yake sasantawa, bit 64 daga cikin 128, sauran, watau rabin farko, sai ta DHCPv6 (tsarin raba adireshin IPv6) a yanko ma kowane kwastoma nasa kaso, ko rautarka ta yi shelar shi. To tambaya ta farko, kamfanin da kuke sayen layi gare shi ya ma ba ku IPv6 ɗin? Don da yawa basu bayarwa sai ka nema.

Mai Waya Gawon Nama: Kuma ka duba MTU malam, watau iyakar girman ƙunshin bayanai da layi ke ɗauka a lokaci guda, PPPoE na cin bayit 8, sai ka sa 1492 ba 1500 ba, in ba haka ba wasu shafuka su tsaya rabi suna juyawa kai ta zargin netwok.

Ɗan Mabera: Aradu ban tambaye su ba, gobe in sha Allah zan kira su. Injiniya kaso nawa zan nema?

Injiniya Arkilla: Kowane shago aƙalla /64, watau kason da ke isar netwok guda, in da hali /56 wanda ya fi shi girma. Lissafa shagunanka tukuna.