Wane zarto ya dace da rage tsawon ƙafafun kujera?

Malamin firamare, Pantami

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin katako a kan wata matsala da na raina, amma ta riga ta ci mini kujera guda. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kujeru shida na madaci waɗanda aka yi masa tun muna yara, kuma har yau babu wadda haɗinta ya saki. Aibinsu ɗaya ne, wato tsawo. Daga ƙasa zuwa wurin zama santimita 50 ne, teburin da nake duba littattafan ɗalibai a kansa kuwa santimita 72 ne, kuma katakon da ya zagaye ƙarƙashinsa yana danne mini cinya idan na matso. Mahaifiyarmu ma idan ta zauna, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

A makon jiya na ɗauki zarton yanka ƙarfe da nake da shi a gida, na auna santimita 5 daga ƙarshen kowace ƙafa, na yanke. Da na tsayar da kujerar sai na ga tana girgiɗi, na rage wannan ƙafar, na rage waccan, har dai na wayi gari da kujerar da tsawonta bai wuce santimita 38 ba, kuma har yanzu ba ta daina girgiɗin ba. Yara sun sa mata suna 'yar tsugunno. Kafin in taɓa sauran biyar ɗin, ina so in san abin da ya kamata in yi amfani da shi: zarton ƙarfen nan, ko babban zarton da maƙwabcina yake yanka katakon rufi da shi, ko kuwa giranda, domin wani ɗalibina na da, wanda yanzu yake walda, ya ce zai gama mini su cikin minti goma.

Tsohon kafinta, Bolari

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Duka ukun da ka lissafa babu wanda zan ba ka shawarar ka ɗauka, amma kafin mu zo kan zarto, bari in gaya maka cewa ba zarto ne ya ɓata kujerarka ba, awo ne. Ka auna daga ƙarshen kowace ƙafa, alhali kujerar da ta shekara talatin ana jan ta a kan siminti ƙafafunta ba su cinye daidai da juna ba, kuma ƙafafun baya na irin waɗannan kujeru a karkace suke, ba a miƙe ba. Saboda haka ka kwashe tsohon kuskuren ka kai shi sama, sannan ka ƙara masa naka.

Mu ba daga ƙafa muke aunawa ba, daga ƙasa muke aunawa. Ka ɗora kujerar a kan wurin da ka tabbatar shimfiɗaɗɗe ne, kamar saman tebur mai kyau, domin daɓen simintin gidajenmu ba kasafai yake zama daidai ba. Idan tana girgiɗi, ka cusa guntayen kwali a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ta tsaya cak. Daga nan ka sami guntun katako mai kaurin abin da kake so ka rage, ka kwantar da shi a kan teburin, ka ɗora fensir a kansa, ka zagaya da shi kowace ƙafa ta ɓangarorinta huɗu ba tare da ka motsa kujerar ba. Layukan da za su fito duk nisansu ɗaya ne daga teburin, kuma a ƙafar da take karkace layin da kansa zai ba ka kwanar da ya kamata ka bi. Ka lura da cewa bakin fensir yana sama da katakon da rabin kaurin fensirin, wajen milimita 3 ko 4 ke nan, don haka idan santimita 5 kake so, ka rage kaurin katakon da wannan gwargwadon, ko kuma ka kwantar da wuƙa mai kaifi a kansa ka ja layin da ita. Na fi son wuƙar, saboda tana yanke bayan katakon tun kafin zarto ya iso, sai ya kasance bai tsage ba.

To, yanzu zarto. Na ƙarfe haƙoransa sun yi ƙanana ƙwarai, yawanci 18 ko 24 ko 32 a inci ɗaya, dusar katako tana toshe su nan da nan, sannan ruwansa siriri ne mai lanƙwasa, shi ya sa yake kauce wa layi a cikin katako mai tauri irin madaci. Na maƙwabcinka kuwa haƙoransa sun yi manya, wajen 7 ko 8 a inci, zai yanka da sauri amma zai fizge gefen ƙafar ya bar maka tsage-tsage. Abin da ya dace shi ne ƙaramin zarton nan da aka ɗaura wa ƙarfe a gadon bayansa don kada ya lanƙwasa, wanda muke yanka haɗin katako da shi, mai haƙora 12 zuwa 15 a inci. Ana samunsa a shagunan kayan aiki, kuma kusan kowane kafinta da yake yin kujeru a kasuwar katako yana da shi, idan aro za ka yi. Ka tabbatar an wasa shi. Ka kwantar da kujerar, ka ɗaure ƙafar da benci ko ka sa yaro mai ƙarfi ya danne ta, ka fara da shiga kaɗan-kaɗan ta kowane ɓangare huɗu, sannan ka ƙarasa, kana bin gefen layin ta wajen abin da za a zubar. Bayan ka gama, ka kashe kaifin gefunan da magagari ko samfefa, domin idan ka bar su da kaifi, ranar farko da aka ja kujerar a ƙasa za su ɓare.

Wani abu kuma, ka duba ƙarƙashin kowace ƙafa da kyau kafin ka sa zarto. Tsofaffin kujeru sukan ɓoye ƙusar da aka taɓa kafa roba da ita, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta kashe haƙoran sabon zarto.

Mai walda, Herwagana

Malam, duk da cewa sana'ata ce, ina roƙon ka da kada ka bari a kusanci kujerun nan da giranda. Ƙaramar giranda tana juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya, kuma faifan da muke sa mata na cin ƙarfe ne, idan ya shiga katako ƙona shi yake yi, ya bar baƙi da hayaƙi, ba tare da ya bi layi ba. Wasu sukan cire faifan su ɗaura mata mai haƙora irin na injin yanka katako, wannan kuwa shi ne mafi haɗari, domin da haƙori ya kama, injin yakan yi tsalle ya dawo kan hannu ko cinyar mai riƙe da shi. Da kujerun na bututun ƙarfe ne, da zarton da yake hannunka mai haƙora 24 ya wadatar, sai a goge bakin a mayar da robar. Amma a kan madaci maganar Baba kafinta ita ce magana.

Mai ɗinki, Jekadafari

Ni ba kafinta ba ce, amma na shekara fiye da ashirin ina wuni a kan kujera a gaban keke, don haka ina da abin cewa game da ko ya kamata a yanke su duka. Malam, buƙatarka da ta Hajiya mahaifiyarku ba ɗaya ba ce. Kai tebur ne ya matse ka, ita kuwa ƙasa ce ta yi mata nisa, kuma abin da mutane suke mantawa shi ne tsoho ya fi shan wahalar tashi daga gajeriyar kujera fiye da doguwa, musamman idan akwai ciwon gwiwa. Kada garin neman gira a rasa ido. Ka bar mata ɗaya yadda take, ka sa a yi mata ɗan matashin ƙafa na katako, idan za ta tashi sai ta ture shi gefe.

Kai ma kafin ka yanke, ka gwada tukuna. Ka sa katako mai kaurin santimita 5 a ƙarƙashin ƙafafun teburin da kuma ƙarƙashin tafin ƙafarka, ka yi aiki a haka kwana biyu, domin daidai yake da ka zauna a kan kujerar da aka rage. Idan har za ka ɗora matashi a kan kujerar daga baya, ka sa shi a lissafi tun yanzu. Yadi idan aka yanke ba ya komawa, ina jin katako ma haka ne.

Malamin aikin katako, Kumo

Na yarda da Baba a kan zarto da kuma hanyar jan layi, sai dai ina so in ƙara abu biyu, in kuma saɓa masa kaɗan a wuri ɗaya.

Na farko shi ne dalilin da ya sa gyaran Malam ya zama gyaran gangar Auzinawa. Kujera mai ƙafa huɗu idan tana girgiɗi, a kan ƙafafu biyu masu kallon juna ta kusurwa take lilo, wato misali ta gaba ta dama da ta baya ta hagu, kuma su ne dogayen. Sauran biyun su ne suke ɗagawa, wannan ta sauka waccan ta tashi. Abin da yawancin mutane suke yi shi ne su ga ɗaya ta ɗaga, sai su je su rage abokiyar kusurwarta, wadda ita ma gajeriya ce, da haka ratar take ƙaruwa. Daidai shi ne a danne ɗaya daga cikin masu ɗagawar, a auna ratar da ta rage a ƙarƙashin ɗayar, sannan a cire rabin wannan ratar daga kowace ɗaya cikin dogayen biyu. Idan ratar milimita 2 ce, milimita ɗaiɗai ke nan, kuma wannan ba aikin zarto ba ne ko kaɗan, domin kaurin abin da zarto yake ci ma ya kai wajen milimita guda. A manna samfefa mai lamba 80 a kan teburin, a riƙa goga ƙafar a kai kujerar tana tsaye, ana dubawa bayan kowane ɗan lokaci.

Na biyu, kafin a zargi kujera a binciki ƙasa. A juya kujerar kwata ɗaya a wurin da take tsaye. Idan ƙafafun da suke ɗagawa su ne dai na farko, laifin kujera ne, idan kuwa girgiɗin ya koma kan ɗayan biyun, daɓen ne ba daidai ba, kuma babu yankan da zai gyara shi.

Inda na saɓa wa Baba shi ne wajen cusa kwali. Idan aka cusa shi duka a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, kujerar za ta tsaya, amma za ta ɗan kishingiɗa gefe guda, kuma layin da za a ja zai tabbatar da wannan karkatar har abada. Gara a raba kwalin tsakanin gajerun ƙafafun biyu, a ɗora filam ɗin magina a kan wurin zama daga hagu zuwa dama har kumfar ta tsaya a tsakiya. Daga gaba zuwa baya kuwa kada a nemi ta daidaita, domin masu yin kujeru da gangan suke sa wurin zama ya ɗan gangara baya, don kada mai zama ya riƙa zamewa gaba. Game da tsawo, kujerun tebur da aka saba yi suna tsakanin santimita 43 da 46, kuma akan bar wajen santimita 25 zuwa 30 tsakanin wurin zama da saman tebur, saboda haka 45 ta dace da teburin Malam.

Malamin firamare, Pantami

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar mai ɗinki na gwada kwana biyu, na ga 45 ta yi mini daidai. Na ari zarton a wajen wani kafinta, na ja layi da wuƙa, na yanke uku. Biyu sun tsaya cak tun yankan farko, ɗaya kuma ta buƙaci ɗan goga a kan samfefa. Baba, maganarka ta tabbata, na ciro ƙusa biyu daga ƙafafun baya na ɗaya daga cikinsu. Sauran biyun na bar su yadda suke saboda mahaifiyarmu da baƙinta. Abin da ya rage shi ne waccan ta farko, shin akwai yadda za a ƙara mata tsawo?

Tsohon kafinta, Bolari

Za a iya yi mata ƙari da gam da turaku na katako, amma santimita 7 a ƙarƙashin siririyar ƙafa ba zai jure ja a kan siminti ba, kuma wurin haɗin zai riƙa nunawa. Idan sandar da ta haɗa ƙafafun tana sama da inda za ka yanke, ka sake jan layi yadda ka koya, ka sauke ta zuwa wajen santimita 30, ta zama kujerar alwala. Ka shafa fenti mai mai sau biyu a ƙarƙashin ƙafafun, da na sauran ukun ma, domin ta wurin yankan ne katako ya fi shan ruwa, sannan ka kafa musu roba don kada su zauna a cikin jiƙa.